Akwatin da Na Ce Na Littattafai Ne

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na sayi zarto da guduma da ƙullin ƙusoshi. Mai sayarwar ya dubi hannuwana, ya tambaye ni wa zan kai wa. Na ce ni Ma'aruf zan kai wa Ma'aruf. Bai yi dariya ba. Ranar kasuwa mutanen Illela ba su da lokacin raha, amma suna da na sa ido.

Akwati zan yi. Na littattafai. An yi hutun makaranta, ba ni da ɗaliban da zan azabtar da nahawu sai watan gobe, kuma kusu sun yi yawa a gidan nan. Duk mai littattafai yana bukatar akwati. Babu wani abu a bayan wannan.

Safiyyatu tana Kalmalo wurin yayanta Yari tun bayan Babbar Sallah. Hutawa ta je yi. Ni na ce ta je ta huta, da bakina, don haka ba mai cewa ban san inda matata take ba.

A bakin layi na gamu da maƙwabcina Maccido, dillalin albasa, wanda matarsa ta rasu bara. Yana goge a-kori-kurarsa. Ya ce, "Malam, ka koma kahinta? Ina mutanen gida?"

Na ce lafiya lau.

Yana da garka a bakin tafkin Kalmalo, kusan kullum yana can. Ya fi ni sanin yadda mutanen gida suke. To tambayar ta mece ce?

Talata, 6 ga Agusta, hantsi

Yaya Malam Sharafuddeen ya aiko a kira ni. Na same shi a zauren makarantarsa, ya sallami masu ɗaukar karatu tun kafin in zauna. Tun muna yara, in ya kori mutane kafin ya yi mini magana, na san ba kyauta zai ba ni ba.

"Ma'aruf, mi kac ce ma yarinyag ga?"

Yarinyar ta haura arba'in, 'yarmu tana karatu a Sakkwato. Na ce na ce mata ta tafi gidansu ta huta.

"Cikin hushi?"

Na ce cikin wani yanayi.

"Da kac ce hakanan, mi kan nuhwa?"

Na fara yi masa bayanin cewa umarni a nahawu yana zuwa da ma'anoni da yawa, akwai na tilas, akwai na shawara, akwai na roƙo. Ya ɗaga hannu.

"Kai na sani, ba nahawu ba. Wagga magana ba saki ta kai tsaye ba, ga niyya taka tsayawa. In saki kan nuhwa, guda ya auku, tana cikin idda, kuma kalma guda ta isa ka mai da ita kahin ta ƙare. In ba shi kan nuhwa ba, matarka ta, tashi ka tai biko. Guda cikin biyu. Kuma ka sani, ba kai ka ƙidayar idda ba. Ita kaɗai ta san ranar da taka cika, kuma abin da tac ce shi aka ɗauka."

Duk na san wannan. Littattafan da ya karanta, tare muka karanta su a gaban Baba, ni ma har na fi shi saurin hadda. Abin da bai gani ba shi ne: in na ce na mai da ita, na amsa cewa na sake ta ke nan. In na ce ban nufa ba, a gaban Allah zan faɗa. Na ce masa zan duba mas'alar.

Ya ce, "Duba da sauri."

Wa ya kai masa maganar? Ni dai ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan azahar

Na je sayen katako wurin Mukhtari, wani kafinta mutumin Ƙonni da ke da rumfa kusa da inda 'yan kabu-kabun Kalmalo suke tsayawa. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya washe baki.

"A'a! Mushe! Sannu da zuwa, Mushe!"

Na san a ƙetaren iyaka haka suke kiran malamin boko, daga Faransanci suka aro. Na kuma san abin da kalmar take nufi a wannan gefen: dabbar da ta mutu ba yanka. Ya maimaita ta da ƙarfi, 'yan kabu-kabu suna ji. Ban yarda cewa mutumin da ya shekara yana cin tuwon Illela bai san ma'ana ta biyu ba.

Ya ce ya yi mini akwatin gaba ɗaya mana, kwana biyu ya gama. Na ce da hannuna zan yi, shi dai ya yanka mini katakon da injinsa. Ya tambayi girma. Na ba shi lambobin da na auna. Ya ce akwatin mi ne haka. Ana ta ƙarar inji, sai da na ɗaga murya na ce, wanda dai zai ɗauke kayan ɗakin mace.

Kwatance na yi masa. Mutum yana iya kwatanta girman abu da duk abin da ya zo masa a baki.

Alhamis, 8 ga Agusta, bayan magariba

'Yarmu Khairiyya ta bugo daga Sakkwato. Na ce mamanta tana wanka.

Jumma'a, 9 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

An kawo katakon. A ƙunshe a buhu ɗaya, kamar an aiko mini da kilishi. Da na zazzage sai ga 'yan guntaye, wanda ya fi tsawo bai kai kamu ɗaya ba. In na haɗa su, akwatin zai ɗauki kaza guda, in ta yarda ta durƙusa.

Na koma wurin Mukhtari. Ya ɗauko tef ɗinsa ya gwada a gabana, ya ce ga shi nan daidai da abin da na ba shi.

Na ce inci nake nufi.

"To ai ba ka hwaɗi ba, Mushe! Mu can santimita muka sani. Lamba kab ba ni, lamba nay yanka."

Na ce yana zaune a Najeriya, kowa da inci yake awo. Ya ce wasu da inci suke zuwa, wasu da santi, wasu da igiya, shi ba ya shiga zuciyar mutum. Wanda bai faɗi abin da yake nufi ba, shi ya sani.

Na tsaya na dube shi da kyau. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, yana ta tauna goro. Ko dai sakarai ne, ko kuma wani ya biya masa karatu. Ina so in san ko yana zuwa zauren Yaya Malam.

Lahadi, 11 ga Agusta, hantsi

Sabon katako. Wannan karon dogaye na karɓo, ni zan yanka da kaina. Ba na son mai fassara tsakanina da akwatina.

Zarto ba ya bin layi. Na ja layi da fensir, miƙaƙƙe kamar na jadawalin jarrabawa, zarton ya fara a kansa cikin ladabi, can sai ya kama hanyarsa kamar ɗan sumogan da ya hango shinge. Na karanta tarihin dauloli da yadda aka gina biranensu, ba marubucin da ya taɓa ambaton cewa katako yana da ra'ayi.

Ƙanwata Hasana ta kawo abinci, kamar yadda take yi tun da gidan ya koma haka. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon garin katako a gemuna.

"Yaya, mi kaka yi haka?"

Na ce akwatin littattafai.

"Littattahai. To mi kwallar Safiyyatu taka yi nan waje?"

Na ce awo nake yi da ita. Ta ce tun yaushe aka fara auna littafi da kwalla. Ta ajiye kwanon, ta leƙa ɗakin Safiyyatu, ta daɗe fiye da yadda leƙe yake bukata. Ƙidayar kaya take yi, na tabbata. Ita da Safiyyatu tun suna 'yan mata bakinsu ɗaya. Miyar da take kawo mini ma ta fara kama da ta wani hannu da na sani. Ban tambaya ba.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan asuba

Maccido ya tayar da mota ya nufi hanyar Kalmalo, da sabuwar hula. Albasa ba ta bukatar sabuwar hula.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Gefe huɗu sun tsaya. Ba su yarda da juna ba, amma sun tsaya. Ƙusa ukun farko sun lanƙwashe, ta huɗu ta tsaga katakon, ta biyar ta shiga babban yatsana ta hanyar guduma. Farcen ya yi baƙi. Na faɗi wata kalma da ba na koya wa ɗalibai.

Ruwa ya sauko na kwashe kayan aikin na shiga ɗakinta, don shi ne ba ya yoyo. Rabon da in zauna a ciki tun ranar da ta tafi. Komai yana inda ta bar shi. Kwalin yana nan a bayan gado.

Zanen saƙi ne na mahaifiyarta, baƙi mai ratsin fari, shi kaɗai ta ɗauko da aka raba kayan marigayiyar. A kwali take ajiye shi, saboda akwatin da aka ce za a sa a yi mata ba a kai ga sa wa ba. Abubuwa suna da yawa a rayuwa. Kusu sun ci tsakiyarsa, sun bar gefe-gefe. Ranar da ta buɗe ta gani, ta zauna a ƙasa tana riƙe da shi, ni kuma na ce ashe kusun gidan nan ma sun san kaya mai daraja, tunda ga littattafaina ba su taɓa ba.

Magana ce mai kyau in aka dube ta ta fuskar hikima. Ba wanda ya duba ta wannan fuska. Ita ma ta faɗi nata, ba zan rubuta shi ba. Sauran kuwa Yaya Malam ya riga ya ji.

Na ninke zanen na mayar. Zai shiga akwatin ba tare da an lanƙwasa shi da yawa ba. Lura ce kawai na yi.

Asabar, 17 ga Agusta, hantsi

Na duba mas'alar. Malamai sun yi saɓani a kan abubuwa da yawa, amma a kan cewa sai mutum ya san abin da ke ransa, duk sun haɗu. Ban taɓa ganin malamai sun haɗa kai a inda ba a bukatarsu kamar nan ba.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan azahar

Danshin damina ya shiga katakon, gefe ɗaya ya yi ciki kamar ya ƙoshi. Na ɗora masa manyan ƙamusoshina guda biyu don ya kwanta. Karo na farko ke nan da suka yi wa wani amfani a gidan nan, in ji wata, da tana nan.

Na je sayen gam da samfefa. Mukhtari ya ce, "Mushe, an kusa gama kwasar?"

Na ce wace kwasa.

Ya ce a'a, aikin dai, aikin. Wani ɗan kabu-kabu da ke zaune a bencinsa ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Wani ya ce, "Allah shi kyauta," ba tare da ya dubi kowa ba.

Garin nan akwai abin da ya sani game da ni wanda ni ban sani ba.

Talata, 20 ga Agusta, bayan magariba

Khairiyya ta bugo. Na ce mamanta ta shiga maƙwabta. Ta ce, "Baba, yanzu muka gama magana da ita." Ta ce in ci abinci.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Hasana ta zo ba kwano.

"Yaya, kai ka ce a gaya ma mutanen Kalmalo kana haɗa akwatin kwashe mata kaya?"

Na ajiye guduma. Na ce wa ya faɗi haka.

"Wa ab bai hwaɗi ba? Har mai kai musu hura ta sani. An ce kai da bakinka kac ce akwatin da za shi ɗauke kayan ɗakin mace. Ta ji. Kwana tay yi ba ta ci komi ba. Tac ce ashe har ka yanke, ita ta zauna tana jiran a zo biko."

Na ce ƙarya ake yi mini, kuma na san mai yi. Mutum ɗaya ne yake zuwa Kalmalo kullum da sabuwar hula.

"Maccido? Yaya, ka ji tsoron Allah. Bawan Allah ga ɗiyatai ta haihu can, jika shika zuwa gani."

Kowa yana da jika in ana neman dalili.

Na ce to ta je ta gaya wa Safiyyatu ba haka ba ne. Ta ce in ba haka ba ne, ƙaƙa ne? Akwatin na mi ne? Na ce na littattafai. Ta dube ni yadda Inna take duban mu in mun ce ba mu muka sha nonon ba.

"To in tai in ce mata ta kwantar da hankalinta, littattahai aka yi ma gida?"

Da za ta fita ta tsaya a zaure, ta rage murya, ta ce lokaci fa ya tafi, ita mace ce ta san abin da take faɗa. Na ce saura nawa. Ta ce ba ta sani ba, in ma ta sani ba ita za ta gaya mini ba.

Ta sani.

Alhamis, 22 ga Agusta, hantsi

Na sake tunanin ranar da na je rumfar Mukhtari, da ƙarar injin, da wanda ya ɗaga murya, da waɗanda ke zaune a benci. Na bar tunanin. Ba shi da amfani ga aikin murfi.

Jumma'a, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya Malam ya tare ni a ƙofar masallaci. Bai ce komai ba sai, "Ka gama dubawa?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "Akwatin ko mas'alar?"

Har shi.

Ga abin da na tsara, kuma ina ganin tsari ne na hankali. In akwatin ya kammala, da murfinsa da fentinsa, in kai mata, za ta gani ta gane. Ba sai an yi ta tone-tonen wa ya nufi me ba. Abu a hannu ya fi magana a baki. Ni da na shekara ashirin ina sayar da magana a aji na fi kowa sanin arharta.

Saura murfi.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan azahar

Murfin bai zauna ba. In na danne dama, hagu ya ɗaga. In na danne hagu, dama ya ɗaga, kamar 'yan majalisa biyu. Akwai ratar da kusu zai shiga da iyalinsa ba tare da ya sunkuya ba.

Na goge da samfefa har hannuna ya yi zafi. Ratar ta ƙaru.

Wani ya taɓa tef ɗina. Ba inda na bar shi na same shi ba.

Litinin, 26 ga Agusta, bayan asuba

A aljihuna yake.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Na cire murfin na sake wani da ragowar katako. Wannan ya fi, yana rufuwa in an zauna a kai. Na shafa fenti kore. Ba don komai ba, shi ya rage a shagon. Cewa tana son kore ba hujja ba ce, mutane da yawa suna son kore.

Fenti ba ya bushewa da damina. Mai shagon ya ce in ba shi kwana biyu. Na ba shi.

Jumma'a, 30 ga Agusta, bayan magariba

Yari ya aiko. Ba ta waya ba, mutum ya turo, wani dattijon unguwarsu, don abin ya yi nauyi. Ya gaishe ni da ladabin da ake yi wa baƙo. Ya ce Yari ya ce tunda an ji na riga na haɗa kayan, ba sai na wahala ba, ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa za su zo da mota su ɗauka. Ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Dattijon yana magana yana satar kallon akwatin da ke shanya a tsakar gida. Ya ce, "Ma sha Allahu, ga shi ko har an yi hwenti."

Na raka shi bakin layi. Na dawo na zauna a kan murfin, na manta bai bushe ba.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan asuba

Mota ɗaya ce a layin nan da za ta ɗauki akwatin. Zan je in buga wa Maccido ƙofa. Allah ya ga abin da ake sa ni.

Asabar, bayan magariba

Zan rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari.

Maccido bai tambaye ni komai ba. Ya kama gefe na kama gefe muka ɗora. Da ya ji rashin nauyinsa ya dube ni. A hanya labarin jikarsa ya yi ta ba ni, wai ta fara murmushi. Har hoto ya nuna mini a waya yana tuƙi. Akwai jikar. Wannan bai wanke hular ba, amma akwai jikar.

Tafkin ya cika ya shiga gonaki, hanya duk taɓo. Muka sauke akwatin a zauren Yari, Maccido ya ce yana gidan ɗiyarsa in na gama.

Yari ya fito. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, ya yi rayuwarsa tsakanin garka da kwalekwale. Muka gaisa kamar masu karɓar gaisuwar mutuwa.

"Malam Ma'aruf, da ka bari ai gobe muna tahe."

Ya ɗaga murfin. Ya leƙa. Ya sa hannu ya shafa ƙasan, kamar kayan za su ɓuya a kusurwa.

"Ina kayan?"

Na ce suna ɗakinta, inda suke, kuma can za su zauna. Na ce wannan nata ne, na ajiyar zannuwa, ni na yi da hannuna. Na nuna masa farcen.

Ya daɗe yana kallon akwatin. Ya ce, "Ya yi kama da kai kay yi shi." Sannan ya shiga ciki.

Ba ta fito ba. Ta tsaya a bayan ƙofar da ke shiga gida, ina ganin gefen mayafinta da yatsun ƙafarta. Ta yi lalle. Ban san wa aka yi wa ba. Yari ya dawo ya tsaya tsakaninmu.

Daga bayan ƙofar ta ce, "Malam, sannu da hanya."

Na ce yawwa. Na ce ga akwati na kawo.

"Na gani. An gode. Ran nan da kac ce in tai gidanmu, mi kan nuhwa?"

Na ce wannan tambaya ce mai rassa, domin ita niyya malamai sun kasa ta...

"Malam, ni ba ɗalibarka ba ta. Wata biyu da kwanaki ina tambayar bango. Mi kan nuhwa?"

Ina jin ƙudan da ya maƙale a fentin. Na nemi wata kalma mai ƙofa biyu ban samu ba.

Na ce na nufa. Na ce lokacin da maganar take fita na nufa, kafin ta gama ɗaura mayafi na daina, amma na nufa. Na ce saki ɗaya ne, kuma ga Yari shaida, na mai da ita.

Ban taɓa jin jimla ta fita daga bakina tsirara haka ba.

Yatsun ƙafar suka motsa. Sannan ta ce:

"Ka makara, Malam. Idda ta cika shekaranjiya."

Shekaranjiya ina zaune ina jiran fenti ya bushe.

Na ce ta tabbata? Yari ya yi gyaran murya, irin wadda ake yi kafin a ɗauki sanda. Ta ce in koma in duba littattafaina in ga maganar wa ake ɗauka.

Na ce to yanzu ƙaƙa ke nan.

"Yanzu ni bazawara ta. Mai so shi aiko magabatanai wurin Yaya, kamar kowa. In an tambaye ni, in yi shawara."

Na sunkuya zan ɗauki akwatin, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Ta ce, "Bar shi nan. Kyauta ba ta komawa."

A hanyar dawowa Maccido ya ce, "Lahiya dai, Malam?" Na ce lafiya lau. Ya ƙara ba ni labarin jika.

Lahadi, 1 ga Satumba, hantsi

Ba wanda ya zo ɗaukar kaya.

Ina da zargi, kuma wannan karon ina ganin mai tushe ne. Ban yarda ta cika ba. Na lura da muryarta lokacin da ta ce shekaranjiya, irin muryar da take yi ne in ta ce babu sauran nama a tukunya. Amma maganarta ce hujja, duk malamai sun haɗu a kan haka, ga Yari kuma da ƙirjinsa.

Na je wurin Yaya Malam na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge, kafaɗunsa suna rawa, ya ce tari ne yake damunsa. Na ce ina so ya je ya nema mini aure.

"Wace yarinya ta?" in ji shi. "Ɗiyar gidan wa?"

Talata, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya Malam ya dawo daga Kalmalo. Ya je da goro da dattawa biyu, an karɓe su da mutunci, an ba su fura. Ya ce ya hango wani abu kore a tsakar gida an ɗora masa dutse a kan murfi.

Na ce amsar fa?

Ya ce Yari ya ce sun ji, sun kuma gode, amma ba a ba da mace haka nan. Za su yi bincike a kan halin mai nema, su tambayi waɗanda suka zauna da shi, sannan su aiko.

Na share ɗakin, na toshe ramin kusu biyu da na gani a bayan gado. Ban san wa za su tambaya ba. Ina dai fata ba ita ba.